Farin Reshen Da Na Ba Rahila

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa mu nan lafiya lau muke. Yayana Hamma Bello da iyalinsa lafiya, jikokinki lafiya. Damina ta yi nisa, Binuwai ya cika har ya hau gonakin bakin gada.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Na kuma san da kina raye ba za ki karɓe ta ba, cewa za ki yi in zauna in faɗa miki da baki kina tsinke zogale. Amma tun da kika tafi ban sami wanda zan zauna gabansa in yi wa irin wannan bayani ba. Zan sa ta a shafina na waya, inda na saba sa hotuna, domin waɗanda suka yi ta yabon fulawar nan su ma ya kamata su ji yadda ta kaya.

Maganar fulawar Maman Rahila ce. Saura ƙiris in kashe ta, Dada, da hannuna, kuma da almakashin ɗinkinki.

Ki yi haƙuri in faro daga abin da kika fi ni sani, saboda masu leƙen wasiƙar.

Kin tuna ranar da suka iso gidanmu na unguwar Bako, a ƙarshen daminar shekarar da mutanen arewacin jiha suka yi ta kwararowa Yola suna gudun masu bindiga. Ina gida lokacin, na zo wankan jegon ɗana na fari. Bayan la'asar wata mata ta tsaya a zaure da 'yarta Rahila, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, ƙafafunsu sun kumbura, ƙullin kaya ɗaya tak a kansu. Ta ce gidan Malam mai allurar shanu take nema. Baba ke nan, shi kuwa ya riga ya rasu.

Ba ki taɓa ganin ta ba. Labarinta kawai kika sani a bakin Baba. Yana saurayi aka tura shi aiki wani ƙauye a bayan Michika, ya zauna shekara biyu a gidan wasu Kiristoci, matar gidan ta ware masa tukunyarsa daban, ba a dafa komai a ciki sai abin da ya halatta gare shi. Da ta faɗi sunan ƙauyen sai kika miƙe kika ce, "Jabbama," maraba ke nan da Fulatanci, kika sauke ƙullin daga kan yarinyar. Kika ce wanda ya ci tuwonta shekara biyu, gidansa gidanta ne.

Mijinta bai zo tare da su ba. Ya ce su yi gaba, zai kulle gida ya biyo su. Har yau ba wanda ya sake ganin sa.

Washegari kina kwance ƙullin don a wanke kayan, sai ga wani ɗan kara a tsakanin jiƙaƙƙun zannuwa, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Maman Rahila ta ce a ƙofar gida ta karyo shi don ta kora awakinta uku. Awakin sun ɓace a gindin dutse tun kwana na biyu, ita kuma ba ta ma san ta cusa karan cikin kaya ba. Ta ce a jefar. Ke kuwa kika ɗauko wuƙar kicin kika fiƙe gindinsa, kika soka shi a ƙasa kusa da dutsen da kike alwala. Kika ce abin da ya yi tafiyar kwana huɗu a ƙafa ba a jefar da shi.

Bayan kamar mako uku ya fitar da ganye. Kore ne, amma da yayyafin fari a jikinsa kamar an watsa masa nono. Ina zaune a ƙofar ɗaki da jariri lokacin da Maman Rahila ta zo wurin tana shara. Ta sunkuya ta duba, sai kawai ta zauna a ƙasa. Ta ce wannan ita ce fulawar da mijinta ya dasa shekarar da aka haifi Rahila, daga lambun wani asibiti da ya yi gadi ya samo ta, duk ƙauyen ba mai irinta. Ita duk a zatonta daga shingen makwabta ta karyo karan.

Tun da suka zo ban ga hawayenta ba sai ranar. Ba ki yi mata dogon wa'azi ba. Kika zare tsintsiyar daga hannunta, kika zauna kusa da ita a ƙasa, kika ce, "Munyal," haƙuri ke nan da harshenki, sau ɗaya tak.

Shekara ɗaya da rabi suka yi da mu. Ta ƙi zama haka kawai. Ita ta cire miki gyaɗar gonar bayan gida, ita ta gyara rumbun da ya tsage. Ranar Lahadi ke kike tashin su, kina cewa su yi sauri kada keke mai ƙafa uku ya cika su makara coci a Jimeta. Ranar da abu ya fashe a kasuwa kuwa, ku biyu kuka tsaya a ƙofar gida, kowa na addu'a da irin nata bakin, har Hamma Bello ya shigo da ƙura a kansa.

Fulawar ta girma a tsakanin nan. Furenta ja ne jawur, ya buɗe da safe, kafin magariba ya naɗe ya faɗi. Ranar da ta yi na farko Rahila ta tsinke ta soka a ɗankwalinta, uwarta ta bi ta da faɗa har zaure, ke kina dariya.

Da hanya ta buɗe suka ce za su koma. Labari ya riga ya zo cewa an ƙone gidan, ba abin da ya tsira. Kika ce a yanka mata reshe ta tafi da shi. Ta girgiza kai. Ta ce, "Dada, ki riƙe mini ita. Can babu katanga, awaki za su cinye. In na yi katanga zan aiko." Kika amsa da Hausarki da ba ta damu da raba mace da namiji ba, kika ce, "Amana ne. Zai jira ki."

Ba ta yi katangar ba. Zana ta kewaye wurin da ita, ta rufa ɗaki ɗaya. Duk ta kira waya, bayan an gaisa an tambayi yara, sai ta ce, "Yaya fulawa?" Ke kuma ki ba ta labari kamar na mutum: ta yi fure biyar, tunkiyar makwabta ta so ta taɓa ta, an kore ta. Har ciwo ya kwantar da Maman Rahila ta rasu. Rahila tana makarantar koyon aikin jinya a wata jiha, kafin ta iso an binne. Shekara biyu bayan nan ke ma kika bi ta.

Daga nan ne abin da ba ki sani ba ya fara.

Bayan rasuwarki Hamma Bello ya ce zai ƙara ɗakuna a tsakar gida, kuma ginin zai bi ta kan wurin alwalarki. Na sa aka haƙo fulawar da saiwarta, aka zuba mata ƙasa a rabin duro, na kawo ta gidana na unguwar Bekaji na ajiye a baranda jikin bango. Duk wanda ya tambaya sai in ce fulawar Dada ce. Ban taɓa cewa ta Maman Rahila ce ba, ko sau ɗaya. A zuciyata gado ce na ci. Da safe in na fito da buta sai in tsaya a kanta kamar na zo gaishe ki.

Ta yi kamar shekara a wurina, sai ta fitar da wani reshe da ban taɓa ganin irinsa ba. Fari fat, ba ɗigon kore ko ɗaya, sabon ganyen har da ɗan ja-ja a baki kamar kunnen jariri. Na ɗauki hoto na sa a shafina. Dada, da kin ga yadda mutane suka yi ca. Wannan ta ce ina ake sayarwa, wancan ya ce daga waje aka kawo ta. Wata abokiyar aikina a ofis ta hau keke takanas ta zo ta gani da idonta.

Yabo yana da daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Sai na lura rassan da suka fi kore sun fi saurin girma, suna rufe farin. Na shiga ɗaki na ɗauko almakashinki. Na fara da reshe ɗaya. Mako na zagayowa na ƙara biyu. Duk wanda ya fito da kore mai yawa sai in datse shi, duk wanda ya fito fari in bar shi. A ganina gyara nake yi. Kafin wata daminar ta ƙare fulawar ta koma kamar an shanya farin leshi a baranda. Ta daina fure, na gani, na ce wa kaina ai lokacinsa ne ya wuce.

Ana cikin haka Rahila ta zo Yola sabunta takardun aikinta. Da kin gan ta ba za ki gane ta ba. Ta zama cikakkiyar mace, tana aiki a asibiti can wajensu, ta yi aure, 'ya'yanta biyu. Ta sauka a wurina. Bayan ta ci abinci mun taɓa hira, mun yi kukanki mun yi na uwarta, sai ta ajiye kofi ta ce, "Adda Dija, na yi katanga."

Ita da mijinta sun sake gina filin mahaifinta, da bulo, har da ƙofar ƙarfe.

Na kai ta baranda ina jin kaina. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ba haka nake tuna ta ba. Tamu tana da kore." Na yi dariya na ce ai kulawa ce ta samu, ta ƙara kyau. Na zaɓi rassa uku da suka fi kowane fari, na yanka, na naɗe mata a jiƙaƙƙen tsumma. Ke kika koya mana cewa baƙo ake ba tsoka mafi kyau a cikin miya. Wallahi da wannan niyya na zaɓa, Dada. Ban san abin da na naɗe mata ba.

Ta dasa su a cikin sabuwar katanga, daidai inda ta ce ta farkon take. Bayan makonni ta turo hoto, sun fitar da ƙananan ganye farare. Ta ce yaranta suna kiran ta fulawar Kaka, suna rigimar wanda zai zuba ruwa. Na sa hoton a shafina, aka sake yabo.

Sai ganyen suka fara ƙonewa daga baki, kamar takardar da aka kusantar da wuta. Ɗaya ya bushe. Na biyu ya bi shi. Na ukun ya ja kwanaki kafin shi ma ya tafi. Ta turo mini saƙon murya, har yau yana cikin wayata. Ta ce, "Adda, sun mutu duka. Na yi iya yina. Ina ganin hannuna ne ba shi da albarka."

Kin san abin da na mayar mata? Na ce ƙila ƙasar wurin ce. Sannan na tambaye ta ko ta cika musu ruwa. Cikin duk abin da na yi, wannan tambayar ce ta fi hana ni sakewa.

Ban daɗe ina ba da shawara ba tawa fulawar ta fara. Zafin bazara ya shigo, irin na Yola da kika sani, wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Fararen ganyen suka fara yin ruwan ƙasa suna zuba. Na ƙara ruwa, ba canji. Na zuba takin zamani. Na ce ƙila inuwar baranda ce ta yi mata yawa, na sa aka jawo duron tsakiyar rana. Kwana biyu kacal rabinta ya soye. Kullum da safe in share ganye in tara a kwandon shara.

Wata Asabar na tsayar da mai keke, muka ɗora duron da ƙyar. Na ce ya kai ni wurin masu sayar da fulawa a bakin titin da ya haɗa Jimeta da cikin gari. Aka nuna mini wani dattijo, Baba Yohanna, mutumin wajen Numan, tsohon malamin aikin gona ne da ya yi ritaya ya kama dashe. Ya zagaya duron sau biyu, yana duba wuraren da almakashi ya bi. Ya ɗago ya ce, "Madam, wa ya yi mata wannan aski?"

Na ce ni ce. Na gaya masa dalili, har na nuna masa hotunan.

Bai yi mini dariya ba, shi ya sa na ji maganarsa. Ya ce koren ganye shi ne kicin ɗin shuka, shi ke dafa abinci da hasken rana ya raba wa saiwa da rassa. Farin ba ya dafa komai, zama yake a kawo masa. Na ce to ciwo ne ke nan? Ya ce, "A'a, ba ciwo ba ne, halittarsa ne. Biyu, uku, ko reshe guda, ba komai, uwar za ta ɗauki nauyinsu, kuma su ne adon. Amma ke kin kori masu girki duka, kin bar masu ci." Ya ce fari ba shi da abin kare kansa daga rana, shi ya sa ya soye. Ya ƙara da cewa koren zalla ma in aka sake masa zai mamaye, ta koma fulawa kamar ta kowa. Mai irin wannan shuka kullum yana tsakiya ne, yana rage nan yana rage can.

Na daure na yi tambayar da ke cina. Na ce in mutum ya yanki farin reshe zalla ya dasa shi daban fa?

Ya ce, "Zai yi ganye, har mutum ya yi murna. Ɗan guzurin da ke cikin karan yake ci. Ranar da ya ƙare, shi ke nan. Ko wa ya dasa, ko ni."

Na nemi wani bulo na zauna.

A zaunen nan na tuno ki. Safiyar Juma'a, kin idar da alwala, kin sunkuya kan fulawar kina tsinke wasu ƙananan tsiro da farcen babban yatsa. Na taɓa tambayar ki me ya sa kike cire masu kyaun. Kika ce, "Wannan ado kawai ya sani, ba ya noma." Na ji da kunnena, amma ban saurara ba, hankalina na kan jariri. Ba ki taɓa shiga aji ba, Dada. Ni da na yi makaranta har na sami takarda, sai da na biya kuɗin keke kafin wani ya maimaita mini abin da kika faɗa a tsakar gidanmu.

Baba Yohanna ya kankare bawon karan da farce daga sama. Busasshe. Ya sauka ƙasa kaɗan, busasshe. Sai wajen gindi ya sami ɗanyen kore a ƙarƙashin bawo. Ya juya duron, ta ɓangaren da ya daɗe yana jingine da bango, sai ga wasu ƙananan ganye biyu masu yayyafin fari da kore, irin na farkon nan. Ba tausayi ne ya sa na bar su ba, almakashina ne bai kai wurin ba.

Ya ɗauko wuƙarsa ya sare duk abin da ke sama da su. Ina kallo farin da na yi shekara ina tattali ya zube a ƙasa. Abin da ya rage kututture ne da bai kai gwiwata ba. Ya ce in ajiye ta inda ranar safe kawai za ta same ta, kada in sake zuba taki, kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe. Da zan hau keke ya ce, "Ban ce za ta tashi ba fa. Na ce tana da rai."

Kwana huɗu na yi ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ran na biyar da rana, lokacin da na san Rahila na hutun cin abinci, na kira ta. Na gaya mata komai, tun daga hoton farko har maganar dattijon. Na ce rassan da na ba ta matattu ne tun ranar da na yanke su, ba hannunta ba ne, ba ƙasarta ba ce, ba ruwa ba ne.

Da ta yi magana muryarta ta sauya. Ta ce, "Adda, wata uku ina ganin Mama ce ba ta yafe mini ba, don ban zo kan gawarta ba." Ta ce ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta ce ta daina bi ta gefen katangar nan, zagayawa take yi.

Ban san haka ba, Dada. Ni a lissafina rassa uku ne suka bushe. Na roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce ana kiran ta a ɗakin marasa lafiya, ta kashe.

Kwana biyun da suka biyo baya na yi tunani fiye da wanda na yi a shekara. Ban yi mata ƙarya ba, ban yi mata rowa ba, abin da na fi so na ba ta. Amma ban tsaya na tambayi kowa ba, kuma da ta ce tasu tana da kore, yarinyar da ta tashi a gindin fulawar nan, dariya na yi. Da abin ya lalace kuma, wurinta na fara neman laifi. Na sha jin ana cewa niyya ita ce komai. Na yarda da haka a wurin Allah. A wurin mutane kuwa, Rahila ta ɗauki nauyin wata uku da kyakkyawar niyyata ba ta rage mata ko kwana ɗaya ba.

Ita ta kira da kanta. Ta ce, "Na yafe, Adda. Amma don Allah kada ki sake tambayar mutum ko ya cika ruwa." Muka yi dariya, irin wadda ke zuwa da majina.

Kututturen ya yi mako shida bai motsa ba. Ganye biyun nan kawai, suna nan, ba su ƙaru ba, ba su faɗi ba. Na daina ɗaukar hoto. Wasu a shafina suka yi ta tambaya ina farar fulawa, na yi kamar ban gani ba. Sai da aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, na fito wata safiya na ga ido huɗu sun fashe a jikin karan. Ɗaya ya fito fari fat, ɗaya kore shar, biyu masu yayyafi. Na tsinke farin da koren, na bar biyun. Yanzu ta kai ƙuguna, ta cika da ganye. Shekaranjiya ta yi fure ɗaya.

Watan da ya wuce Baba Yohanna ya yanki rassa biyu masu kaurin fensir, ya dasa a baƙar leda. Ɗaya ya ruɓe. Ɗayan ya kama, yana da ganye biyar, kowanne da korensa. Ya ce in damina ta kusa ƙarewa in aika wa yarinyar da shi.

Na kawo ledar gida na ajiye kusa da duron, na yi ta kallon su, babba da ƙarami. Ƙaramin zai iya galabaita a mota. Zai iya kasa jure ranin farko. In ya mutu a cikin katangar nan, ko me zan faɗa wa Rahila, ban san ko zuciyarta za ta yarda karo na biyu ba. Babbar kuwa saiwarta ta yi ƙarfi, ta ga abin da ya fi tafiyar mota.

Shi ya sa na rubuto, Dada. Izini nake nema. Uwar zan kai mata, ni in riƙe reshen.

Ba da sauƙi na kai ga wannan ba. A duk abin da kika bari, ita kaɗai ce ke da rai. Zannuwanki suna akwati, carbinki na rataye, amma ita ce hannunki ya soka a ƙasa, ruwan alwalarki ta sha ta girma. Da na gaya wa Hamma Bello sai ya ce, "Ke lafiyarki kuwa? Dada ce fa ta dasa." Na ce ya tuna mini ranar da kika taɓa cewa taki ce. Ya yi ta juya makullin mota a hannu. Can ya ce duron ba zai shiga motar haya ba, shi zai kai mu a tasa.

Ranar Asabar za mu tashi bayan sallar asuba, in Allah Ya yarda, mu bi ta Song da Gombi. Ban taɓa bin hanyar nan ba tun da aka yi abin da aka yi, kuma ba zan ce miki ba na jin ɗar ba. Rahila ta ce mijinta ya riga ya haƙa rami, ya zuba takin shanu ya rufe ya huce. Ta ce yaran sun ƙi yarda, wai sai sun gani.

Ɗan reshen zai zauna a barandata. Zan kula da shi yadda aka koya mini. In ya rayu, alhamdu lillahi. In kuma ya mutu, sai in hau mota in je in tsaya a ƙofar Rahila in roƙa ta yanko mini, ta zaɓa da hannunta. In ta ga dama ta ba ni fari ma, ba ni da bakin magana.

Allah Ya jiƙan ki, Dada. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa ki da Baba a gidan da ba a gudu daga cikinsa. Maman Rahila da mijinta, Shi Ya san su fiye da mu, ni dai shaidar alheri nake yi musu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya kai mu Ya dawo da mu. Abin da na ɓata cikin rashin sani, ki yafe mini kamar yadda kika saba.

'Yarki mai kewarki kullum,
Dija
Bekaji, Jimeta